Jakar Baba ta Tafi Gwiwa

Allah ne ya ba mu Baba, kuma Shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai addu'a. Ya rasu da hantsi a tsakiyar bazara, bayan gajeruwar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, sannan don akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar da aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidanmu a Kazaure. In ban fitar da ita ba za ta kumbura ni in fi buhun gero.

Ni ne ɗan fari. Ni na zauna a tsakiyar tabarma, ƙannena a dama, a hagu kuma taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara nake kira bawana, kamar yadda al'ada ta ba ɗan namiji iko a kan ɗan mace. Mutanen gari sun zo sun yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ba ni da ƙorafi a kansu. Rigimar ta soma ne da mutanen ƙauye suka fara sauka daga motoci da babura. Daga wajen Roni, daga Gwiwa, daga Babura, har da makiyayan bakin iyaka masu sefa a aljihu. Mutum zai miƙo mini yatsu biyu, ya ce Allah ya jiƙansa, idonsa na can yana neman wani. Da ya hango bawana sai ya zube a gabansa, ya kama hannunsa kamar zai tafi da shi gida. Wani dattijo ya riƙe hannun nan, na tashi na je na yi alwala, na gaisa da mutane, na dawo na tarar bai saki ba. Wasu tsofaffin mata daga wani ƙauyen Roni suka shiga wajen Inna suna kuka, suna tambayar wa zai ci gaba da buɗe musu ruwan tsofaffi. Wani bawan Allah kuma ya dube ni cikin ladabi ya tambaye ni ko ni maƙwabci ne.

Na ce masa ƙwarai, maƙwabci ne, tare muke shan ruwan randa ɗaya da marigayin. Bawana ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Jama'a suka zaci kuka ne ya ci ƙarfinsa, suka shiga ba shi haƙuri. Ni kaɗai na san dariya yake yi.

Don ku gane dalilin wannan zalunci, sai na faɗi sana'ar Baba. Ma'aikacin lantarki ne a gidan ruwa har ya yi ritaya. Da aka fara kafa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a ƙauyukan yankinmu, masu kula da su suka ɗauko shi daga kan tabarmar hutu. Kowace rijiya tana da akwatin ƙarfe a gindin tanki. A cikin akwatin akwai wata na'ura da masu aikin ke kira Fi-El-Si, ita ke tayar da injin jan ruwa, ta kashe shi, ta buɗe bututun famfon gari ko na kwamin shanu. Baba yana ce mata Wakili. Shi Wakili ba ya jin yaren kwamfutar ofis da ke Kazaure, saboda haka ake haɗa shi da wata ƙaramar na'ura mai layin waya a cikinta, getwe, wadda Baba ya raɗa wa suna Tafinta. Saƙo zai taso daga ofis ta iska, Tafinta ya cafe, ya juya shi zuwa yaren da Wakili ke ji, wanda ake kira Modbas, ya tura masa ta wasu siraran wayoyi guda biyu. Aikin Baba shi ne ya zaunar da Tafinta ya koya masa da wane Wakili zai yi magana, mece ce lambarsa, da wane sauri za su yi zancen, kuma a wane ɗaki na cikin kan Wakili zai ajiye kowane saƙo. Kada ku ga na iya bayanin ku ce an koya mini. Ni yadi nake sayarwa a kasuwa. Ta katanga na ji ana koya wa wani.

Baba mutumin da ne, jinin Fulanin da suka zauna gari, kuma ya riƙi kunyar ɗan fari kamar aikin da ba hutu ba ritaya. Bai taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata a Kanya Babba, da na dawo na tarar an cike gurbina: mijin gwaggo ya rasu, an kawo bawana gidanmu. Shi ake kira da sunansa, cikakke, da ƙarfi, unguwa ta ji. Ni kuwa sunana "wannan", in an yi mini karamci a ce "mutumin nan". Ranar da na aurar da 'yata ta fari, da furfura a gemuna, ina tsaye a gabansa, Baba ya juya wajen ƙanena ya ce a gaya wa yaron nan a ƙaro tabarmi. Na san al'ada ce. Abokaina da yawa 'ya'yan fari ne, amma iyayensu sun sassauta da zamani ya juya, har ana hira. Baba kuwa in al'adar nan tana da ofis, da shi ne zai riƙa buɗe shi da asuba.

Abin da ya fi cina shi ne dariya. Allah ya yi ni da surutu, in na zauna a tsakar gida bayan magariba ina ba da labari, ƙannena mata har faɗuwa suke daga kan kujera, Inna ma da take nata kawaicin sai ta toshe baki da mayafi. Da na ɗauko labari sai Baba ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya shige ɗaki ya saki labule. Rediyonsa da ba ya rabuwa da shi sai ka ji an kashe shi ƙit. Na ɗauka haushina ne ya hana shi ko jin labarai. Akwai labarin babur ɗina da na fi ji da shi, tsohon babur ne da ya ga gwamnatoci da yawa. Nakan ce ya tsufa har ya tuba, da ya ji kiran salla yake mutuwa da kansa, kuma ba mai tayar da shi sai an sallame. Ranar da na fara ba da shi gidanmu ya kusa rushewa. Daga ɗakin Baba ko tari ba a ji ba.

Yana da maganganunsa na aiki da yake shigowa da su gida, kuma yawancinsu a kaina suke sauka ta hannun wani. Yakan ce a karanta kafin a rubuta. Nufinsa, kafin ka tura wa Wakili sabon umarni, ka fara tambayarsa me ke cikin ɗakin da za ka zuba, don kada ka nufi famfo ka taɓa inji. In na kutsa cikin zancen da ban san farkonsa ba, sai ya dubi bango ya ce wasu mutane rubutu kawai suka iya. Haka kuma dole Tafinta da Wakili su daidaita a kan sauri ɗaya, in ɗaya ya fi ɗaya gudu ba abin da za a ji sai shirme. Baba kullum saurin ƙasa yake zaɓa, ya ce waya doguwa a cikin zafin rana ba ta son gaggawa. Sau nawa na ji ya ce wa Inna a gaya wa wannan ya rage sauri, babu Wakilin da zai fahimce shi.

Wata rana na ji Baba yana koya wa bawana aikin a zaure, bawana ya tura saƙo ya goce da ɗaki guda, ya nufi buɗe famfo ya je ya kashe inji. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce masa littafin na'urar daga ɗaya yake fara ƙirga, ita kuwa waya daga sifili take farawa.

"Na farkon ba a kiran sunansa," in ji Baba. "Amma daga kansa ake ɗaukar lissafi. In ka manta da shi, duk na bayansa sun goce."

Na tafi shago da maganar nan ina juya ta, har na yanka wa wata mata yadi ya wuce abin da ta ce. Daga baya na tare bawana na tambaye shi ko da ni Baba yake. Ya ce da na'ura ake, kuma ni ko sifilin ban kai ba. Na ce masa bawa ba ya fassara maganar iyayen gidansa. Ya ce to me ya sa na tambaye shi.

Labarin da mutanen Gwiwa suka fi tunawa da shi kuwa na lamba ne. A wani ƙauye can, rijiya ɗaya ce amma Wakilai biyu, ɗaya na famfon gari, ɗaya na kwamin shanu da ke ɗan nesa, Tafinta guda ke yi musu magana a kan waya ɗaya. Dole kowane ya sami lambarsa, don in an kira a san wa zai amsa. Mai unguwa ya ji labari ya ce ai lamba ɗaya ta gari ce, kakanninsa suka sari wurin. Ardo ya ce shanunsu na shan ruwa a kwarin nan tun ba a kafa ko bukka ba. Ranar Baba ba ya nan, bawana ne, lokacin yana sabon shiga kuma yana son kowa ya yabe shi. Sai ya ba su duka biyun lamba ɗaya, ya dawo gida yana baza riga, wai ya yi sulhu. Tafinta ya kira lamba ɗaya, Wakilai biyu suka amsa a tare, muryoyinsu suka cakuɗe, ba gari ba shanu, ruwa ya tsaya cik. Na yi kwana da kwanaki ina cin abinci da daɗi.

Baba ya hau babur ya je. Ya zaunar da dattawan biyu a inuwar tanki, ya ce zai gaishe su, amma su amsa a lokaci ɗaya, kowa da nasa. Ya tambayi lafiyar iyali, wannan na cewa gero wancan na cewa maruƙa, har su da kansu suka ji abin ba kai. Sannan ya ja Mai unguwa gefe ya ce ɗaya tasa ce, ai babu mai shiga gaban ɗaya. Ya ja Ardo ɗaya gefen ya ce shi biyu zai ba shi, don biyu ta fi ɗaya yawa, kuma makiyayi ba ya roƙon Allah sai ƙari. Har yau kowannensu yana ganin shi ya yi nasara.

Ruwan tsofaffi kuma ga yadda ya samo asali. A ƙauyen nan na Roni wata tsohuwa ta same shi yana cikin akwati, ta ce masa da safe in an buɗe famfo matasa ke ture su, sai ta koma gida da tulu rabi. Sai ya tambaye ta yaushe samari ke watsewa gona da makaranta. Ya ƙara wa Tafinta saƙo ɗaya, famfo ya riƙa buɗewa na ɗan lokaci da hantsi, sa'ad da ba kowa a gari sai tsofaffi da kaji. Bai sanar da kowa ba. Su suka gane da kansu, suka sa masa suna. Mutumin da ya saurari tsohuwar da bai sani ba har ya sauya mata lokacin ruwa, shi ne in na yi masa sallama yake amsa wa ƙofa.

Sau ɗaya tak na ga sun yi faɗa da bawana, kuma ba zan ɓoye ba, har ƙiba na yi a makon. Maganar ita ce, in sabis ya ɗauke ko Tafinta ya lalace, Wakili ya daina jin kowa, me zai yi? Bawana ya ce ya kulle komai ya jira, haka masu rijiyoyin suke so, don kada inji ya ƙone ba wanda ya sani. Baba ya ce saniya ba ta san sabis ya ɗauke ba. Ya ce a koya wa Wakili in ya ji shiru ya yi yawa, ya ci gaba da buɗe ruwa kowace safiya, inji kuma ya tsaya da kansa in ƙwallon cikin tanki ya taso, alamar ya cika. Suka ja, suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Na riƙa wucewa ta gaban zaure ina gyaran murya, ko za a ce wannan ya zo ya zauna a gurbin. Ba a ce ba. Daga ƙarshe Baba ya yi rinjaye, kuma shi ya fara aika wa bawana da goro. Ni na yi zaman makokin sulhun ni kaɗai.

To, ranar sadakar uku sai ga ƙanen Ardon nan na Gwiwa. Ardo ƙafa ta hana shi tafiya, shi ya aiko shi. Bayan ya yi ta'aziyya, wadda kun san hannun wa ya riƙe, sai ya rage murya ya ce akwai damuwa. Zafi ya kashe Tafintan rijiyarsu tun Baba na kwance. Wakili yana buɗe kwami da safe kamar yadda aka koya masa, amma garkunan da suka gangaro daga arewa sun yi yawa, da yamma shanu na zagaye busasshen kwami suna kuka, yaran makiyaya sun fara kora su wajen famfon gari, mutanen Mai unguwa kuma sun fara fitowa da sanduna. An aiko sabon Tafinta daga ofis, amma kansa fanko ne, bai san kowa ba. Ƙaramar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da ake koya masa da ita, da wata igiyar waya mai ruwan toka da ake haɗa su, duka suna cikin jakar Baba.

Bawana ya miƙe zai shiga ɗaki ya ɗauko, kamar ɗakin ubansa. Na ce ya dakata. Na tuna masa cewa jakar nan da abin da ke cikinta Baba ya saya da guminsa, yanzu gado ce, ba a raba ba, kuma ɗan 'yar'uwa ba ya cikin magada in akwai 'ya'ya. Wannan ba son rai ba ne, kowane malami zai gaya muku haka. Maganar ta kai cikin gida. Inna tana takaba, kuma ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta aiko ƙanwata ta ce a gaya wa wancan shanu ba za su jira rabon gado ba. Na ce na ji, jaka za ta je Gwiwa, amma da mai tsaronta. Kuma tunda babur ɗin Baba shi ma gado ne, a nawa za a tafi.

Gaskiyar abin, ina so in ga wuraren nan da suka cinye mini uba. Ina so ko sau ɗaya in tsaya a gindin tankin da jakarsa a kafaɗata, a dube ni a san ɗan waye.

Washegari muka bar ƙannena a kan tabarma muka kama hanya, ni a gaba, jaka a ƙirjina, bawana a baya yana ƙorafin duk ramin da na faɗa. Rana ta buɗe kamar an cire wa sama murfi. Muna shiga ƙauyen ladan ya ɗaga murya da kiran azahar, na rage gudu saboda shanun da suka tare hanya, babur ya yi tari biyu ya mutu. Ba wani abin mamaki, haka yake yi duk lokacin da aka rage masa mai. Amma sai na ga mutanen da ke inuwar tanki sun miƙe gaba ɗaya. Wani tsoho siriri mai sanda, wanda na gane shi ne Ardo, ya taso da ƙafar da aka ce ta hana shi tafiya, ya wuce bawana ko kallo bai yi masa ba, ya zagaya babur ɗina, ya dubi inda kansa ya nufa, ya dubi gabas.

"Yau bai daidaita ba," in ji shi. "Marigayi Malam ya ce in babur ɗin zai mutu sai ya juya ya fuskanci alƙibla."

Na tsaya da jaka a hannu. Ni ban taɓa sa alƙibla a labarin nan ba.

Ardo ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya yi mini ta'aziyya doguwa, irin wadda na yi kwana uku ina kallon ana yi wa wani. Bayan an yi salla bawana ya buɗe akwati, ya ɗaura sabon Tafinta, ya haɗa siraran wayoyin nan biyu, ni kuma na baza babbar rigata a kan kwamfutar don rana ta bar shi ya ga allo. Ya sa sauri, na ƙasa, irin na Baba. Ya sa ɗaya ga gari, biyu ga shanu, Mai unguwa da Ardo na leƙe ta kafaɗarsa kowa na tabbatar da ba a taɓa masa girma ba. Ya jera ɗakunan saƙo yana motsa baki, na ji shi yana farawa daga sifili. Sannan ya ce sai a jira, abin yana shiga a hankali, wani ɗan layi na rarrafe a allo kamar hawainiya mai ciwon baya.

A wannan jiran ne, in ji Ardo, Baba yake ba su labari. Duk zuwan da zai yi, da layin nan ya fara rarrafe sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce akwai wani maƙaryaci a gidansa, ga abin da ya zo da shi wannan makon. Sun ji na babur. Sun ji na ragon da na sayo a Babura, wanda na ce saboda rama sai da na sa masa dutse a wuya kada iska ta mayar da shi Nijar. Sun ji na sauron bakin dam da na ce ya ɗaga mini gidan sauro ya yi sallama. Wasu ma ni na manta da su, suna nan a bakin yaran ƙauyen. Kuma kowanne Baba ya yi masa ƙari, ƙarin da ya fi nawa daɗi, abin da har yanzu ban gama yafe masa ba. Ardo ya ce Baba ba ya kai ƙarshen labari sai dariya ta kama shi, ya riƙe ƙafar tanki, hawaye na zuba, sai an ba shi ruwa. Na tambaye shi ko Baba ya taɓa faɗa musu wane ne maƙaryacin. Ardo ya dube ni kamar na tambayi ko saniya na da ƙaho. Ya ce shi ma yana da na fari, kuma shi ma bai taɓa kiran sunansa ba, mutum ba ya rasa gane irin wannan rashin kiran.

Sai lokacin na gane abin da ke kashe rediyo.

Wata 'yar fitila a jikin Tafinta ta fara ƙyaftawa, wata ta amsa mata. Bawana ya ce Wakilai sun amsa gaisuwa, saura a tura saƙon buɗe kwami da yamma. Na ce a matsayina na magaji ni zan danna. Ya matsa mini, na kai yatsa, ya buge hannuna ya ce a karanta kafin a rubuta. Muka karanta, ɗakin kwamin shanu ne, ba na inji ba. Na danna. Da la'asar bututu ya yi gurnani, ya tofar da iska, ruwa ya ɓalle cikin kwami, shanu suka rufa a kai har ƙasa na girgiza. Masu sanduna suka koma dogara su. Wata mata ta kawo mana fura a ƙwarya, kuma ni ta fara miƙa wa, ina so a rubuta wannan a ajiye.

A hanyar dawowa bawana bai yi ƙorafin rami ko ɗaya ba. Da shirun ya ishe ni na tsaya a gindin wata tsamiya na ce ya sauka. Na tambaye shi me ya sa duk shekarun nan bai taɓa gaya mini ba. Ya ce ya gaya mini don me? Ya ce shi ke riƙe waya a rana, shi ke shiga akwati da rina, shi ke tura babur in ya yi faci, amma a Roni, a Babura, a Gwiwa, duk inda layin nan ya fara rarrafe, labarin maƙaryacin gidan ake yi. Ko sau ɗaya Baba bai taɓa cewa ga abin da ɗan ƙanwarsa ya faɗa ba.

"Kana jin haushi yana kiran sunana," ya ce. "Ai don in miƙo sukundireba yake kira."

Ban taɓa sanin bawa ma yana kishin ubangidansa ba. Na so in ji tausayinsa, har na fara, sai wani abu ya faɗo mini. Na ce to shi ke nan, mun yi kunnen doki, amma ya yi mini abu ɗaya. Ya kwaikwaya mini dariyar. Siririya ce ko mai kauri? Tana fita ta hanci, ko irin mai shiru ce da sai kafaɗa? Shekara hamsin da wani abu ina gida ɗaya da mutumin, ban san ƙarar dariyarsa ba.

Ya buɗe baki kamar zai yi, sai idonsa ya kawo ruwa, ya rufe. Ya share fuska da hannun riga ya ce ba zai yi ba. Ya ce gida namu ne, gona tamu ce, jaka ma na tuna masa tamu ce a gaban jama'a. Dariyar nan kuwa ba ta cikin abin da za a raba. Na ce masa duk abin da bawa ya mallaka na ubangidansa ne. Ya ce in kai shi ƙara.

Da aka zo rabon gado na roƙi ƙannena muka bar masa jakar da duk abin da ke ciki. Ni rediyon na ɗauka. Yana nan a shago, ban cika kunna shi ba. Har yau in bawana ya zo sayen yadi nakan jefa masa sabon labari ba zato, ina kallon bakinsa, ko dariyar Baba za ta kuɓuce masa. Ya gane dabarar, sai ya yi tasa, wadda na sani tun muna yara, mai kama da kukan jaki.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya maƙogwaron mutane da dabbobi, ya sa kowane ɗigon da ya zuba a kwami da tulu ya zame masa nauyi a mizani. Allah ya haɗa mu a gidan da ba a jin kunyar ɗan fari. Akwai labari guda da na ajiye ban ba kowa ba, can zan ba shi, kuma a bakin ƙofa zan zauna don kada ya sami hanyar shiga ɗaki. Bawana ma Allah ya sa yana ciki, ban hana shi Aljanna ba. Ina dai roƙon ranar ya ɗan makara.